Dalilin Da Inna Ke Cewa Tsani Kake Riƙewa

Zuwa ga ƙanena Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da ubangidanka, can ƙasar Yarbawa. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna ma tana can gida lafiya, ƙafar ce dai ke taɓa ta in ta daɗe zaune.

Za ka yi mamakin ganin wannan suna. Na zaɓe shi ne don babu wanda ya san ka da shi sai 'yan ɗakinmu. Kakarmu ta laƙaba maka shi saboda an haife ka tsakiyar noma, kuma bai taɓa ƙetare zaure ba. Sunan ƙauyenmu ba za ni rubuta ba, ya isa a ce yana tsakanin Isa da Sabon Birni. Sauran sunaye da wasu 'yan abubuwa na sauya su, yadda wanda ya san mu ba zai gane mu ba, kai kuwa za ka gane. Na rubuto ta wannan shafi ne domin ka daina ɗaukar wayata. Kai ka buɗe mini shi da sunan aro, na kuma san kana karanta duk abin da na sa, tun da kai ne kullum farkon mai turo mini gyara in na ci wani harafi.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, ba za ni tsaya kwana-kwana ba. Ranar sunan jikar Kawu Ladan, tsakar gida cike da mata, wata daga dangin angon ƙarni ta ɗago wayarta ta nuna hotonka bisa rufin wani bene, tana yi wa Inna barka da samun ɗa injiniya. Inna ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta ce, "Injiniyan mi? Wanga mi ya iya? Aikin na ubangidanshi na, shi tsani kawai yaka riƙe mai." Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai riƙon tsani ma sana'a ce, in babu mai riƙewa injiniya ƙasa zai sha. Inna ta taya su dariya har da tafa hannu. Ina zaune kusa da ita ina dama fura.

Maganarka ta ƙarshe da ni kafin ka kashe waya ita ce, "Tun da tsani nika riƙewa, za ni zo gida in hau shi kowa ya gani." Wannan magana ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta maka.

A aikinmu na jarida an koya mana mu fara da abin da ya faru kafin abin da muke ji. To bari in jera maka yadda abin ya zo.

Da wuya mako ya wuce sanarwar neman ma'aikata ba ta biyo ta teburina ba. Sa'ad da na fara aiki, malaman makaranta ake nema, da akawu, da direba. Yanzu abin ya juya. Ana neman ƙwararren mai haɗa sola. Ana neman mai kula da ƙarafan sabis. Ana neman wanda ya iya kafa intanet ta tauraron ɗan'adam, da wanda ya iya tsare bayanan mutane daga ɓarayin waya. An ma rage tambayar takardar shaida. Cewa suke yi nuna mana aikinka, ka ɗauki hotonsa ka sa inda za mu gani. Wanda ya ɓoye hannunsa a wannan kasuwa ba shi da ciniki. Don haka da ka ɗauki bidiyon nan ka sa a shafinka ban ga laifinka ba, har yau ban gani ba. Abin da kasuwar ke so ka yi.

Na kalle shi ya fi a ƙirga. Ga ka bisa rufi da hular kwano, kana jera farantan sola, sannan ka ɗaura farin farantin nan mai jawo intanet daga sama inda babu ƙarfen sabis. Ka yi bayani da Hausarmu ta Gobir tsantsa don 'yan Arewa mazauna can su san akwai nasu. Daga ƙarshe ka dubi mai ɗauka ka yi murmushi, ka ce, "Ko cikin ƙungurmin daji kake, ka kira ni, za ni kai maka sabis."

Nomau, a can inda kake, daji na nufin gonar koko mai nisa da titi. Ka daɗe ba ka kwana gida ba. A wurinmu yanzu in an ce daji ba itatuwa ake nufi ba. Mutum na rage murya kafin ya faɗi kalmar, ya kuma duba wanda ke bayansa.

Bidiyo ba ya jiran sabis kafin ya yi tafiya. A rumfar masu cajin waya ake tura shi daga wannan waya zuwa waccan. Haka naka ya zagaya kasuwannin yankinmu, kowa na alfahari, ga ɗan gida ya zama wani abu.

Wata ranar kasuwar Isa wani mutum ya zauna a rumfar Kawu Ladan. Kawu ya san fuskarsa, bai san gidansu ba. Irin masu sayen sukari da ganyen shayi da batir ne, fiye da abin da gida ɗaya zai iya ci, kuma ba sa neman ragi. Ka san Kawu, ya sha hanyar Maraɗi tun muna ƙanana, ba ƙaramin abu ke kaɗa shi ba. Mutumin ya gaisa a mutunce, ya tambayi iyali, sannan ya ciro waya ya kunna bidiyonka. Ya ce, "Wanga ba ɗan ƙanwarka na ba? Ana nemanshi. Akwai aiki, kuma masu aikin ba su ƙin biya." Kawu ya tambaye shi a wane gari aikin yake. Ya ce, "Shi da yac ce ko ina yana zuwa?" Da zai tashi ya ƙara da tambayar ko kana zuwa gida da sallah.

Kawu ya ce mini tun da yake fatauci bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ka ga kalma ɗaya ce. Ana nema. Ita ce a saman kowace sanarwa da ke faranta maka rai, ita ce kuma ta fito daga bakin mutumin nan. Abin da kamfanonin birni ke nema a hannunka shi mutanen daji ke nema. Su ma suna da wayoyin da ke mutuwa, da batiran da ke son caji, da maganar da suke son ta isa inda suke so ba tare da sun fito sun hau tudu ba. Bambancin shi ne su ba sa kiran mutum ganawa, ba sa kuma karɓar takardar barin aiki.

Ba zato nake yi ba. Ka tuna mai gyaran wayar nan da ke zama ƙarƙashin lema kusa da 'yan tireda, wanda ka fara koyon riƙe ƙarfen narka dalma a wurinsa? Za ni kira shi Sanda a nan. An tare motarsu da rana tsaka a hanyar dawowa kasuwa, aka kora su cikin daji shi da sauran fasinja. Dangin kowa suka yi abin da aka saba yi, aka riƙa sako mutane ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Sanda, aka aiko wa yayyensa cewa su daina wahalar da kansu: "Wanga muna da aiki da shi."

Ɗaya daga cikin waɗanda aka sako na zauna da shi, na yi masa tambayoyi yadda nake yi wa duk wanda zan ɗauki labarinsa, na maimaita masa su ta wata fuska don in tabbatar. Maganarsa ba ta sauya ba. Ya ce ya ga Sanda zaune gindin wata tsamiya, wayoyi tsibi a gabansa, farantin sola jingine da dutse. Ba a ɗaure shi ba. Ana ba shi nama sa'ad da sauran ke cin garin kwaki. Injiniya suke kiransa. Ya ce da suka haɗa ido Sanda ya sunkuyar da kai, bai ko ba shi saƙo zuwa gida ba.

Abin da ya fi wannan muni a cikin gari yake. Akwai masu cewa tun da ba a ɗaure shi ba, ai da yardarsa yake can. Matarsa ta daina zuwa rijiya da safe saboda kallo, sai rana ta take. Ko yau aka sako shi, ban san wace ƙofa zai shiga ya kwana hankali kwance ba. Sana'ar da ta ciyar da shi ita ta hana a sake shi, ita kuma za ta hana a yarda da shi.

Kawu ya tafi gida ya gaya wa Inna abin da ya faru a rumfarsa. Tana tsinkar zogale a lokacin. Ya ce ta ci gaba har ta gama, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta sauke hotonka mai hular kwano daga bango, ta naɗe shi cikin zane ta sa ƙasan adaka.

Ka san wace ce Inna a kanka. Ita ce matar da ta ishi mutane a bakin injin niƙa da labarin ɗanta mai kama rana ya ɗura ta cikin batir. Har gudunta ake yi in ta fara. Wannan matar ce ta tashi washegari ta bi gidajen da ta san magana ba ta kwana a cikinsu, tana kukan an cuce ta, an ce yaro ya koyi aiki ashe ɗan aike ne. Ta ce bidiyon ma hular aro ce ka sa. Ranar suna kuwa ta samu taron da take so, shi ya sa ta ɗaga murya. Kowace dariya da aka yi maka a tsakar gidan nan ita ta nemo ta da gangan, don ta bi hanyar da bidiyon ya bi ta isa inda ya isa.

Da muka keɓe na ce mata maganar za ta kai kunnenka, kuma za ta yi maka ciwo. Ta ce, "Gwamma su yi mai dariya da su zo yi min jaje." Ta kuma hana ni gaya maka dalili. Ta ce, "Halin ubanshi gare shi. In yaj ji tsoro nika ji, gobe kin gane shi bakin ƙofa." Na yi mata biyayya har na ga shirun nawa na shirin kawo ka ƙofar da take gudu.

Ba Inna kaɗai ba ce. Uwar wata ma'aikaciyar jinya cewa take yi 'yarta shara take yi a asibiti. Wani tsoho mai ɗa bakanike ya ce yaron iska kawai yake ba taya. Da can iyaye ƙara wa 'ya'yansu girma suke yi a bakin mutane, masinja ya zama akawu, akawu ya zama manaja. Yanzu rage su ake yi. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu namu tsoron ya baro daji ya shigo har tsakar gida, ya zauna cikin mata ranar suna.

Yanzu maganar aikin da aka yi maka tayi. Na ga sanarwar tun kafin ka faɗa mini, ta biyo ta ofishinmu. Kamfanin da ke kula da ƙarafan sabis na neman ƙwararru a gabashin jiha, kuma an rubuta cewa ɗan asalin yankin zai fi samun fifiko. Kai ka karanta wannan layi ka ji an girmama ka. Ni na karanta shi da idon aiki, na tambayi kaina me ya sa. Amsar ba ɓoyayya ba ce: baƙi sun ƙi zuwa. Ban zargi kamfanin da mugunta ba, ƙarfe ya lalace dole su nemi mai gyara. Amma ka dubi abin da za su ba ka. Babur, jakar kayan aiki, da rigar nan mai ƙyalli da ake hangowa daga nesa. Za ka riƙa bin hanyoyin da direbobin Isa ba sa bi sai sun tambayi wanda ya fito. Za ka hau ƙarfe mafi tsawo a yankin, kai kaɗai, da fuskar da ke cikin wayar kowa.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na sha rubuta shi. In duk mai sana'a ya tsaya nesa, wa zai gyara? Na ga tsofaffi na hawa tudu da waya a sama suna farautar sabis ɗin Nijar, rezo in ji su Kawu, don kawai su ji muryar ɗa. Na ga firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani ya zama ma'ajiyar takardu saboda babu mai duba batirinsa. Na yi kira da alƙalamina cewa matasanmu masu ilimin zamani su waiwayi gida, kuma ban janye ba. Tambayarka gaskiya ce, ba ni da amsarta. Abin da na sani shi ne ba a yi tambayar sauran ba a rumfar Kawu. Kai aka tambaya, da fuskarka, da lokacin zuwanka.

Za ka kuma ce Bagobiri ba ya gudu, Gobir gidan faɗa. Ka tuna ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya biya da mu Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, a hanyarmu ta zuwa gaishe da Goggo? Kana tsintar ɓaraguzan tukwane cikin gonar mutane kana cika aljihu, ka tambaye shi ina mutanen birnin suka tafi. Ya ce, "Waɗansu sun tsaya, waɗansu sun fita. Da ba a samu masu fita ba, wa za shi gina Sabon Birni?" Jikokin masu fita ne mu, Nomau, kuma ba a taɓa kiranmu matsorata ba.

Na tuna kuma ranar da ka kwance rediyonsa dab da lokacin labarai, ka baje hanjinta bisa buzun da yake ba da karatu. Inna ta ɗauko muciya. Baba ya dubi tarkacen ya dube ka, ya ce, "Ku ƙyale shi. Hannun da ya iya kwancewa, wata rana za shi iya ɗaurawa." Rediyon ba ta sake magana ba, amma maganarsa ta tabbata. Wannan hannun nake jin tsoro a kai, ƙanena. Ina tsoron ranar da za a aiko mana cewa ana da aiki da kai. Ina tsoron in zauna gaban wani da aka sako ina yi masa tambayoyi, ya ce mini ya gan ka gindin itace ana ba ka nama. Da na rubuta wannan layi sai da na ajiye alƙalami na fita na sha iska.

Bari in gaya maka abin da masu kai maka magana ba su gani ba. Fitilar solar nan da ka haɗa wa Inna da hannunka zuwanka na ƙarshe, ta sa an sauke farantinta daga rufi don kada a hango daga waje. Yana bayan rumbu yanzu, inda rana ke faɗawa da hantsi. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce Kawu ya sayo mata a Maraɗi. Amma kowace safiya, bayan ta idar da lazimi, sai ta je ta goge shi da gefen mayafinta, a hankali kamar mai shafa kan jariri. Zuwana na ƙarshe na tsaya bayanta ba ta sani ba. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Mai kama rana, ɗan Malam, Allah shi tsare min hannunka." Kirarinka bai mutu ba, ɗaki aka shigar da shi.

Ga roƙona. Ka ba kamfanin nan haƙuri. Ka sauke bidiyon, ko da yake na san wanda ya riga ya shiga wayoyi ba ya dawowa. Ka zauna wurin ubangidanka, tun da ka ce yana son ya damƙa maka sabon reshe. Ka gaishe shi, tun da Bayarabe ne abokin wasanmu, ka ce masa yayarka ta ce ya riƙe Bagobiri da kyau, ai bawa ba ya wulaƙanta ubangijinsa ko da shi ke biyan albashi. Aikin da ake nemanka da shi yau za a ci gaba da nemanka da shi gobe, a can da ko ina. Sallar bana ka yi ta inda kake. In kewa ta yi yawa, ni za ni kawo Inna Sakkwato ku haɗu a gidana.

Sannan ka kira ta. Kada ka ambaci wannan takarda. In akwai mutane kusa da ita za ta tambaye ka ko har yanzu kana riƙon tsanin, za ta ce ka dage ko Allah zai sa wata rana a bar ka ka taka matakin farko. Ka ce to, Inna. Ka bar ta ta yi dariyarta. Ka san yanzu abin da dariyar ke ci mata.

Ba za ni ce maka ga ranar dawowa ba, don ban san ta ba. Amma akwai alama, kuma ba daga jarida za ka same ta ba. Ranar da ka ji an ce Inna ta koma isar mutane da labarinka a bakin injin niƙa, har ana gudunta, hoton nan kuma ya koma bango, to ranar ka hau mota. Ni da kaina za ni riƙe maka tsanin.

Allah ya tsare ka, ya tsare hannunka daga aikin da ba ka so. Allah ya rufe idon masu nemanka da sharri, ya buɗe na masu nemanka da alheri. Allah ya kuɓutar da Sanda da duk wanda ke irin halinsa, ya sa su iske ƙofofin gidajensu a buɗe. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna tsawon ran da za ta yabe ka da ƙarfi a gaban kowa. Allah ya mayar wa ƙasarmu daji ya zama itatuwa kawai. Amin.

Ka huta lafiya. In ka ga na ci wani harafi, ka turo gyara, ko da shi kaɗai ne za ka rubuto.

Taka har kullum,
Yayarka.